Kan wani a jikin wani: yadda aka harhaɗa mutum-mutumin Rumawa, da yadda ake gane su

Tambaya: Ina karatu a Turai. Na shiga wani gidan tarihi na ga mutum-mutumin dutsen mabul na zamanin Rumawa. Allon bayaninsa ya ce kan tsoho ne amma ba na wannan jikin ba ne, hannuwa da hanci kuma a ƙarni na 18 aka sassaƙa su. To jabu ne ke nan? Yaya aka yi aka haɗa su, ta yaya masana suka gane, kuma me ya hana a raba su?

Amsa:

Malam, ba jabu ba ne, amma kada ka tsaya gabansa ka ce ga aikin da ya fito daga hannun masassaƙi guda a zamanin Rumawa. Haɗin gambiza ne: jiki na wani, kai na wani, sauran kuma ciko ne da aka yi a shagon masu gyara a birnin Roma bayan shekara dubu da ɗoriya. Gidan tarihin da ya faɗa maka haka ƙarara ya kyauta, domin kusan duk mutum-mutumin da aka tono a Italiya tsakanin 1500 da 1800 ya bi ta hannun masu gyara, kuma ba kowane allo ke faɗa ba. Irin wannan aiki gaɓa-gaɓa ake karanta shi, kowace gaɓa da nata shekarun.

Dalilin da ya sa kawuna suka rabu da jikkuna yana cikin halin dutsen. Mabul yana ɗaukar nauyi idan an danna shi, amma ba ya jure lanƙwasa. Da mutum-mutumi ya faɗi, wuya da wuyan hannu da idon sawu da hanci su ne ke fara tafiya. Kai ya gangara gefe, gangar jiki ta zauna inda ta faɗi. Daga baya mutanen Roma sun shafe ƙarnuka suna ƙona tsohon mabul a murhu don samun farar ƙasar gini, hannuwa da ƙafafu kuwa su ne masu sauƙin ɗauka a jefa. Akwai kuma wani dalili da ya girmi wannan: Rumawan da kansu sukan sassaƙa kai dabam, jiki dabam. Masassaƙa na ajiye jikkuna masu sanye da toga, wato mayafin mazan Rumawa, a bar rami a tsakanin kafaɗu, kan kuma a yi masa gindi mai tsini a zura a ramin. In sarki ya mutu ko aka tsine wa sunansa, sai a zare kansa a sa na magaji, ko a sake sassaƙa fuskar. An mayar da kawunan sarki Nero na Vespasian, na Domitian kuma na Nerva. A ƙofar nasara ta sarki Constantine da aka kammala a Roma a 315, hotunan sarakunan da suka gabata aka ɗebo aka sake musu fuska. Saboda haka masu tono sun tarar da tarin jikkuna marasa kai da tarin kawuna marasa jiki, kasuwa kuma tana neman cikakken mutum.

Kasuwar ce ta haifi sana'ar. Fafaroma da manyan limaman coci da attajiran Ingila masu zuwa yawon buɗe ido ba sa sayen guntu don ado a zaure. Suna son abin da za a kira da suna: wannan Venus ce, wancan Apollo ne, wato allolin mutanen da. Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Bartolomeo Cavaceppi, wanda ya rasu a 1799, mai babban shago a Roma cike da ma'aikata, har ya buga kundi uku tsakanin 1768 da 1772 na zanen kayan da ya gyara. Ka ɗauki Venus ɗin da William Weddell ya saya a 1765 daga hannun dillali Thomas Jenkins ya kai gidansa na Newby Hall a Ingila. Jikin tsoho ne, kan ma tsoho ne, amma daga wani mutum-mutumi dabam aka ɗauko shi aka daidaita. Da aka yi gwanjonta a Landan a 2002 kowa ya san wannan labari, duk da haka ta yi kusan fam miliyan 8.

Ga yadda aikin ke gudana a shago. Mai gyara zai fara da gangar jiki, ya duba tarin kawunan da ke rumbunsa ya zaɓi wanda girmansa da juyin wuyansa suka yi kusa. Kusa kawai, domin karaya biyu da ba tare suka karye ba ba za su taɓa zama a kan juna ba. Sai ya ɗauki cizal ya sare bakin karayar duka biyu su zama sumul. Wannan mataki shi ne ɓarnar da ba ta da magani, kuma shi ya fi ci wa masana rai a yau: bakin karaya shi ne shaida guda da za ta tabbatar wane kai ne na wane jiki, in an sare shi ko kan asali ya fito daga ƙasa gobe ba a da inda za a gwada shi. Idan wuya ya gajarta bayan sarar, sai a yanko faifan mabul sabo a sa tsakani kamar abin wuya, a sassaƙa shi ya bi jijiyoyin sama da na ƙasa. Duk inda ka ga layi biyu sun kewaye wuya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, to kusan ko da yaushe wannan faifan ne.

Gaɓar da babu ita sam, kamar hannu, da yumɓu ake fara gina ta a jikin dutsen har ta yi daidai a ido. A ɗauki siffarta da filasta, sannan a kwafe ta a sabon mabul ta hanyar auna ɗigo-ɗigo. Daga nan a huda rami a ɓangarorin biyu, a zura sandar ƙarfe, a cike gefenta. Magabata na zamanin Girkawa da Rumawa sukan zuba narkakkiyar darma ta lulluɓe ƙarfen, masu gyaran baya kuwa sau da yawa ƙaron itace suke narkawa da kakin zuma da garin mabul, su ɗumama dutsen su haɗa tun da zafi. Ƙananan wurare kamar gefen kunne, leɓe, da bakin ninkin tufafi, a yanke su da kusurwa a cusa ƴan guntayen faci. Abu na ƙarshe shi ne sajewa. Sabon mabul fari ne fat, tsohon kuma ya sha ƙasa, don haka a bi tsohon da magagari da dutsen gogewa, wani lokaci har da asid, don ya yi haske, sabon kuma a shafe shi da ruwan taba ko kunkunniya don ya dushe, sannan a bi duka da kaki. Wasu ma sukan karya sabon hannun da gangan su sake liƙawa, don mai saye ya ɗauka a haka aka tono shi.

Matsala ta farko da ke biyo baya ta ƙarfe ce. Danshi na shiga ta mahaɗa, ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa kuwa tana cin wuri ninkin-ba-ninkin na ƙarfen da ta cinye. Tana tura dutsen daga ciki har ya tsage. Alamar farko jan tabo ne da ke fitowa kusa da mahaɗa, sai siririyar tsaga da ke bin tsawon sandar. Kan mabul mai girman na mutum yana kai kilo ashirin, hannun da aka miƙe kuma nauyinsa duka yana rataye a sanda guda, don haka ranar da ta ci amana ba a hankali abin ke faɗuwa ba. Ƙaron ma da tsufa yana yin duhu, ya bushe, ya riƙa marmashewa.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma a wurina, domin ita ke gurɓata abin da muka sani game da mutanen da. Mutum-mutumin mai jifan faifai na Myron, gwanin Girkawa, wanda aka yi da tagulla wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɓace, kwafin mabul na Rumawa kawai suka rage. Kafin a gane siffarsa, an tono gangar jikinsa fiye da sau ɗaya ba a san ko ta mene ce ba. Pierre-Étienne Monnot ya kwantar da ɗaya ya mayar da ita jarumin da ya faɗi a fagen fama, tana nan a gidan tarihin Capitoline. Wata kuma aka mayar da ita Diomedes, jarumin tatsuniyar Girkawa. Sai a 1781 aka tono kwafi mai kansa, aka ga ɗan wasan waiwaye yake yi yana duban faifan da ke hannunsa. Duk da haka, wanda aka tono a 1791 a gidan shaƙatawar sarki Hadrian da ke Tivoli, Carlo Albacini ya ɗora masa kan da ba nasa ba, yana kallon gaba da ƙasa. Shi ne wanda Charles Townley ya saya, yake British Museum yanzu, kuma shi aka zana a fastar wasannin Olamfik na Landan a 1948. Miliyoyin mutane da wannan juyin wuya na kuskure suka san aikin Myron.

Haka mutum-mutumin Laocoön da aka tono a Roma a 1506 ba hannun dama. Wajen 1532 Montorsoli ya yi masa hannu a miƙe sama, aka shekara ɗari huɗu ana koyar da ɗalibai da shi. A farkon ƙarni na 20 Ludwig Pollak ya tsinci wani lanƙwasasshen hannu a wurin wani mai sassaƙar dutse a Roma, a 1957 aka tabbatar nasa ne aka maƙala. Misalin da ya fi koyarwa kuwa na Hadrian ne daga Cyrene a Libiya, wanda aka tono a 1861 aka kai Landan. Sarkin yana sanye da mayafin Girkawa maimakon togar Rumawa, littattafai suka daɗe suna kafa hujja da shi cewa ga yadda ƙaunar Girkawa ta kai shi. A 2008 masu adana kayan British Museum suka kankare filastar da ke wuyansa, suka tarar kan bai zauna a ramin ba, filasta ce aka lafta ta rufe giɓin. Kan na Hadrian ne, jikin na wani ne dabam. Hujjar da aka gina a kan wannan mutum-mutumi ta rushe a ranar.

Batun yadda ake ganewa, ido ne kan gaba, na'ura daga baya. Masani zai kashe fitila ya haska tocila daga gefe, hasken na shafar fatar dutsen a kwance. Tsohuwar fata tana da ƴan ramuka, da ɓawon ƙasa da ya manne, da siraran layukan saiwar tsirrai. Idan layin saiwa ya taho daga kafaɗa ya tsaya cak a mahaɗar wuya bai haye ba, kan da jikin ba a rami ɗaya suka kwana ba. Sai ya duba jijiyar wuya: in ta jikin ta nuna an juya hagu, ta kan kuma ta nuna gaba, an gama magana. Ya duba kafaɗu ko akwai ragowar gashi da ya zubo alhali kan mai gajeren gashi ne. Ya duba cinya da kwiɓi ko akwai kututturen tokara, wato guntun dutsen da masassaƙin asali ya bari don riƙe hannu. Wannan kututture yana faɗin inda hannun asali ya bi, kuma sau da yawa sabon hannun yana can wani wuri. Ya auna tsawon kai da na jiki: a salon gwanayen Girkawa, na Polykleitos kai kusan kashi ɗaya ne cikin bakwai na tsayi, a na Lysippos kusan ɗaya cikin takwas.

Salon aiki ma yana da shekaru. Kafin zamanin Hadrian fenti ake yi wa ƙwayar ido, daga wajen shekara ta 130 miladiyya aka fara huda ta a dutsen. Gashi mai zurfafan ramukan abin huda, mai duhu da haske, na rabin ƙarshe na ƙarni na 2 ne. Tulin nannaɗaɗɗen gashi a goshin mace na ƙarshen ƙarni na 1 ne. Kan da aka huda wa ido a bisa jikin da ninkin togarsa na zamanin Augustus ne, akwai fiye da shekara ɗari tsakaninsu.

Daga nan sai na'ura. A ƙarƙashin fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, tsohuwar fatar mabul tana ba da haske mai ɗan rawaya da dabbare-dabbare, wadda aka sara daga baya kuma ta yi shuɗi-shuɗi mai duhu, gam da ciko su fito fili. Amma kakin da aka shafa wa duka jikin yana iya rufe bambancin, don haka ba a yanke hukunci da wannan kaɗai. Na'urar gano ƙarfe da hoton eksire suna nuna inda sanduna suke da tsawonsu. Dutsen kansa ana binciken mahaƙarsa. Na Carrara ƙwayarsa ƙanana ce, ba ta cika wuce milimita ɗaya ba. Na tsibirin Paros ƙwayarsa ta fi girma kuma haske na ratsa shi. Na Pentelikon kusa da Atina yana komawa ruwan zuma da tsufa. Wani na tsibirin Thasos kuma yana da sinadarin maganiziyom da yawa. Tun 1972 ake ɗiban ɗan garin dutse, miligiram kaɗan, daga wurin da ido ba ya gani, a auna nau'o'in kabon da oksijin da ke ciki a kwatanta da na mahaƙai. A nan akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Rumawa sukan yi kai da mabul mai tsada, jiki da mai araha, don haka bambancin dutse ba ya nufin haɗin baya ne. Masu gyara kuma sukan yanko ciko daga tsoffin ginshiƙai, Carrara ɗin ma su da Rumawa duk daga can suke ɗiba, don haka dacewar dutse ba ta wanke komai. Sai shaidu uku ko huɗu sun taru a wuri guda ake rubuta abin da ka karanta a allon nan.

Wannan dabara ba ta tsaya a Roma ba. Gumakan yumɓu na Nok da aka wawushe daga kudancin Kaduna zuwa kasuwannin waje, an sha samun waɗanda aka harhaɗa daga guntayen gumaka dabam-dabam. Gwajin shekaru yana fitowa daidai domin daga tsohon guntu aka ɗebi samfurin, sai hoton sikanin CT ya nuna mahaɗai da gam a ciki.

Saura tambayarka ta ƙarshe: me ya hana a raba? An gwada. A tsakiyar ƙarni na 20 ra'ayi ya juya, gidajen tarihi suka shiga cire duk abin da ba na asali ba. A Munich an cire cikon da Thorvaldsen ya yi wa mutum-mutumin Girkawa na Aegina, a shekarun 1960. A Copenhagen hancinan da aka ɓamɓare sun yi yawan da aka jera su a allo guda ana nunawa. Sai aka ga abin da ya fito ba na asalin ba ne, domin a ƙarƙashin kowane ciko sararren dutse ne sumul da rami a tsakiya, fatar kuma an riga an goge ta. Herakles na Lansdowne da ke gidan tarihin Getty a Amurka, an cire masa cikon ƙarni na 18 a shekarun 1970, tsatsar ƙarfe na cikin dalilai, a farkon shekarun 1990 kuma aka mayar masa da su. Ga kuma cikon da shi kansa aikin gwanaye ne, irin na Bernini a jikin Ares na Ludovisi a 1622, wanda ba mai hankalin da zai fasa. Ra'ayina shi ne a raba a wuri biyu kawai: inda ƙarfe ke fasa dutsen, da inda gaɓar asali ta fito kuma ta zauna a gurbinta. Haka aka yi wa Hercules na Farnese da aka tono a 1546. Ƙafafun da Guglielmo della Porta ya yi masa sun zauna har 1787 kafin a mayar da na asali, kuma ba a zubar da nasa ba, suna ajiye a gidan tarihin Napoli ana ganinsu. In ba haka ba, a bar haɗin, a kafa zane a gefe mai launi dabam ga kowace gaɓa.

Idan an buɗe mahaɗa a yau, ƙa'idar ita ce duk abin da aka sa ya zama na baya zai iya cirewa. Ana narkar da tsohon ƙaro da sinadari, a huda darmar a zare ƙarfen a hankali, ba a faɗaɗa ramin ba. A maye gurbinsa da titaniyom, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko sandar faiba. Binciken da aka yi a New York bayan mutum-mutumin Adam na Tullio Lombardo ya faɗi a 2002 ya fashe gida 28 ban da ƙananan ɓaraguzai ya nuna cewa sanda mai tauri sosai dutsen take fasawa idan an matsa, ta faiba kuwa ita ke fara karyewa ta bar dutsen lafiya. Sanduna uku kacal suka sa kafin a sake tsayar da shi a 2014. Gam ɗin da aka fi amfani da shi Paraloid B-72 ne, a narka shi cikin asiton wajen kashi 40 cikin ɗari. Ba ya rawaya, kuma asiton ɗin na sake narkar da shi ko bayan shekaru. Lahaninsa biyu ne. Yana fara laushi a zafin da ya kai digiri 40, don haka a mahaɗa mai ɗaukar nauyi akan gauraya shi da B-48N mai jure zafi, kashi uku da ɗaya. Kuma a matsattsiyar mahaɗa asiton yana ɗaukar makonni kafin ya fice, wanda ya kwance tokara da wuri zai tarar gaɓar ta zame daga inda ya sa ta. In dole sai an sa gam mai ƙarfi irin na efoksi, sai a fara shafa B-72 a fuskokin biyu ya zama shamaki, don kada efoksin ya taɓa dutsen. Cikon giɓi kuma da garin mabul ake kwaɓa shi, a bar shi ya ɗan nutse ƙasa da fatar asali, launinsa ya saje daga nesa amma wanda ya matso taku ɗaya ya ga iyakarsa.